RA'AYINMU: Inshorar 'yan zari-ruga da ke ƙarewa ranar da kwantiragi ya ƙare

A ranar Litinin 26 ga watan Satumba na shekarar 2022, da misalin ƙarfe 5 na yamma, wa'adin da hukumar ƙwallon zari-ruga ta Ingila ta ɗibar wa kulob ɗin Worcester Warriors ya cika. Abubuwa uku hukumar ta nemi masu kulob ɗin su kawo shaidarsu: cewa suna da kuɗin biyan albashin wata, cewa suna da sahihin tsari na ci gaba da tafiyar da kulob, da kuma cewa inshorarsu tana nan da ranta. Masu kulob ba su kawo ba. A wannan yammacin aka dakatar da su daga dukkan gasa, bayan kwanaki 9 kuma, wato ranar 5 ga Oktoba, wata kotu a birnin Landan ta rushe kamfanin da ke riƙe da kwantiragin 'yan wasan, a kan ƙarar hukumar haraji wadda ke bin kulob ɗin bashin kimanin fam miliyan 6, wato sama da miliyar 4 na sefa. Mutanen da suka kwana suna da aiki sai suka wayi gari babu.

Tun ƙurar wannan ba ta lafa ba, a ranar 17 ga Oktoba kulob ɗin Wasps, wanda ya taɓa ɗaukar kofin Turai har sau biyu, shi ma ya durƙushe, aka sallami 'yan wasa da ma'aikata 167 a rana ɗaya. A watan Yunin 2023 kuma London Irish ya bi sahu. Cikin ƙasa da shekara guda, kulob 3 daga cikin 13 na babbar gasar Ingila sun ɓace.

Mun san mai karatun da ke zaune a rumfarsa a kasuwar Ɗan Isa ko ta Birnin Ƙonni zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Gaskiya ne zari-ruga ba wasanmu ba ne, yawancinmu ma a talabijin kawai muka taɓa ganinsa: ƙarti 15 a kowane ɓangare, ƙwallo mai siffar ƙwai, minti 80 ana gudu ana kayar da juna, wani lokaci kuma mutum takwas-takwas su sunkuya su haɗa kafaɗu da kawuna suna turereniya kamar raguna. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa ya ji ƙarar faɗuwar ƙato a ƙasa, to ya kwatanta hakan sau da yawa a wasa ɗaya, kowane mako, shekara goma. Amma abin da ya sa wannan jarida ta ga ya dace ta yi magana shi ne, babu wata sana'a da ta fi wannan fito da wata tambaya fili, tambayar da ɗan kasuwa ya fi kowa sanin nauyinta: idan jarin mutum jikinsa ne, ranar da jarin ya karye wa zai ɗauki nauyin gidansa?

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, inshorar lafiyar da aka ɗaure a jikin kwantiragin ɗan wasa tana kare dukiyar kulob ne fiye da yadda take kare iyalinsa, domin tana aiki a lokacin da yake da ƙarfi da albashi, sannan ta yanke a daidai lokacin da gidansa ya fi bukatarta.

Da yawa daga cikinmu abin da muka sani game da inshora bai wuce takardar mota da ake miƙa wa jami'i a shingen hanya ba, wadda ake saye don gudun tara ba don tsammanin za ta biya komai ba. Inshorar lafiya ta kamfanoni masu zaman kansu daban take. Ana zuba wani adadi duk wata, idan ciwo ya zo kamfani ya biya asibiti, bisa sharuɗɗan da ke rubuce. A nan ne gizo ke saƙa. Sharaɗin farko shi ne sunan wa da wa ke cikin takardar. Na biyu, ciwon da mutum ya shigo da shi galibi ba a ɗaukar nauyinsa, ko kuma sai an yi jiran wani lokaci. Na uku, ranar da aka daina zubi, kariya ta tsaya. Kulob yana da kyakkyawan dalilin biya wa ɗan wasansa irin wannan inshora, domin gwiwar da aka yi wa aiki cikin mako guda ta fi saurin komawa fili a kan wadda ta yi watanni tana jiran layi. Amma haihuwar matarsa ko asmar ɗansa ba sa hana kulob cin wasa ranar Asabar, saboda haka shigar da su abu ne da ya danganta ga ƙasa, da girman kulob, da kuma ƙarfin bakin ɗan wasan a wajen ciniki.

A Ingila dai abin da sauƙi, domin tun shekarar 1948 ƙasar take da tsarin asibitin gwamnati na kyauta ga mazaunanta. Iyalin ɗan wasan Worcester ba za a kore su daga asibiti don rashin kuɗi ba, abin da za su rasa shi ne sauri, kuma ba ƙaramin rashi ba ne idan aka tuna cewa a shekarar 2023 jerin masu jiran magani a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7. Faransa, wadda ita ce babbar kasuwar wannan wasa a yau, ta ɗan fi tsari. Bayan inshorar gwamnati da ta samo asali tun 1945, daga ranar 1 ga Janairun 2016 doka ta wajabta wa kowane kamfani mai zaman kansa ya sanya ma'aikatansa cikin inshorar cike giɓi, ya kuma biya aƙalla rabin kuɗinta. Haka zalika wanda aikinsa ya ƙare yana iya ci gaba da cin moriyarta, amma ba fiye da watanni 12 ba, kuma sai in yana karɓar kuɗin rashin aiki. Sai dai ita wannan doka ba ta tilasta wa mai kamfani ya sanya mata da 'ya'ya ba, an bar wannan ga yarjejeniyar kowace sana'a.

To ko da an sanya su, akwai wata matsalar da takarda ba ta gani. Abin da kamfanin inshora ke kira iyali shi ne mata ɗaya da 'ya'yan da ba su wuce wasu shekaru ba. Ɗaruruwan samarin tsibiran Fiji da Tonga da Samoa da ke wasa a Faransa da Ingila da Japan kuwa, iyalinsu irin namu ne: uwa, uba, ƙanne, 'ya'yan 'yan'uwa, wani lokaci ma ƙauye guda. Tsohuwar da ke zaune a Fiji ba ta cikin tsarin lafiyar Faransa, inshorarta ita ce kuɗin da ɗanta ke aikowa ƙarshen wata. Ranar da ƙashin wuyansa ya goce, ita ma maganinta ya yanke, ba tare da wani ya rubuto mata takarda ba. Irin waɗannan matsaloli ne suka sa Dan Leo, tsohon ɗan wasan Samoa, ya jagoranci kafa ƙungiyar kula da walwalar 'yan wasan tsibiran da ke Turai.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce gidan zari-ruga, ita ce ta ɗauki kofin duniya sau 4, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023. A can ne kuma bambancin mai inshora da marar ita ya fi muni, domin kimanin kashi 15 cikin ɗari ne kawai na jama'ar ƙasar ke cikin asusun lafiya masu zaman kansu, sauran duk suna layi a asibitocin gwamnati. Dokar 1998 da ke tafiyar da waɗannan asusu ta ba su damar sa sabon shiga ya yi jiran watanni 3, ko watanni 12 a kan ciwon da ya zo da shi, sannan wanda ya haura shekara 35 bai taɓa shiga ba ana iya ƙara masa kuɗin zubi a matsayin tarar makara. Shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu a kan dokar inshorar lafiya ta ƙasa a watan Mayun 2024, sai dai tun daga lokacin aka shiga jayayya a kanta a gaban kotuna.

Amma a wannan ƙasar ne aka yi wani abu da ya cancanci yabo, tun kafin wasan ya zama sana'ar albashi a 1995. A shekarar 1980 wani ɗan wasan Western Province mai suna Chris Burger ya karye a wuya a wani wasa a garin Bloemfontein, ya rasu. Kyaftin ɗinsa Morné du Plessis da abokan wasansa suka kafa asusu da sunansa. A 1987 wani matashi, Petro Jackson, daga ƙauyen Kylemore kusa da Stellenbosch, shi ma ya rasu ta irin wannan hanya, kuma da yake zamanin wariyar launin fata ne, har wasan ma a rabe yake, sai aka kafa masa nasa asusun daban. A 1992 aka haɗe su wuri guda. Wannan asusu ya taimaki ɗaruruwan waɗanda suka ji rauni a laka ko a ƙwaƙwalwa, da keken guragu, da gyaran gida yadda keke zai shiga, da kayan jinya, kuma da yawa daga cikinsu ba taurari ba ne, 'yan makaranta ne da 'yan kulob ɗin unguwa da ba su taɓa karɓar ko sisi daga wasan ba. Abin lura shi ne asusun ba ya tambayar ko kwantiraginka na nan. Rauninsa kuma shi ne ya dogara ga gudummawa da alherin jama'a, shi kuwa alheri ba haƙƙi ba ne da mutum zai je kotu ya nema.

Wanda duk ke zaton suna da ɗaukaka sun isa kariya, sai ya dubi Jonah Lomu na ƙasar Niyu Zilan, wanda iyayensa 'yan Tonga ne. Shi ne tauraron farko na duniya a wannan wasa, saurayin da yana ɗan shekara 20 ya tattake 'yan Ingila ya dire ƙwallo a bayan layinsu sau 4 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 1995. Ashe tun a wannan zamanin ciwon ƙoda na cinsa. An yi masa dashen ƙoda a 2004, jikinsa ya ƙi ta a 2011, ya koma wankin ƙoda, ya rasu ranar 18 ga Nuwambar 2015 yana da shekara 40. Ƙasarsa tana da wani tsari tun 1974 da ke ɗaukar nauyin duk wanda ya ji rauni ta hanyar haɗari, har da na wasa, ba tare da neman mai laifi ba, amma ciwon ƙoda cuta ce ba haɗari ba. Asibitin gwamnati ya yi masa magani, to amma asibiti ba ya biyan kuɗin makarantar yara. Bayan rasuwarsa da 'yan makonni ƙungiyar 'yan wasan ƙasar ta bayyana cewa bai bar wani abin kirki ba, ta kuma danganta hakan da yawan kyautarsa da shekarun da ya kwashe yana jinya, aka buɗe asusun neman taimako don 'ya'yansa maza biyu ƙanana. Mu da muke aikin rediyo mun san wannan sanarwa sarai, kusan kullum sai an kawo mana irinta mu karanta: wane yana kwance, ana roƙon jama'a su taimaka. Ba mu taɓa zaton za a karanta irinta a kan gidan mutumin da duniya ta san sunansa ba.

Babban abin da ya ƙara fito da wannan magana fili a 'yan shekarun nan shi ne ciwon da ba ya bayyana sai bayan an rataye takalmi. A watan Disambar 2020 Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya bayyana yana ɗan shekara 42 cewa likitoci sun same shi da cutar mantuwa irin ta tsofaffi, kuma ba ya tuna komai game da cin wannan kofi, wani lokaci har sunan matarsa kan ɓace masa. Carl Hayman na Niyu Zilan ya bayyana irin wannan a 2021, tsohon kyaftin ɗin Wales Ryan Jones a 2022, a watan Afrilun 2025 kuma Sébastien Chabal na Faransa ya ce ba ya tuna wasannin da ya buga. Ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun shigar da ƙarar hukumar zari-ruga ta duniya da ta Ingila da ta Wales, suna cewa ba a kare su daga yawan bugun kai ba, hukumomin kuma sun musanta. Hukunci na kotu ne, ba namu ba. Abin da muke iya gani da idonmu shi ne lissafin lokaci: kwantiragi ya ƙare mutum yana ɗan shekara 33 ko 35, inshorar kulob ta tafi da shi, ko ta ƙara masa watanni 12 idan a Faransa ne, ciwon kuma ya ƙwanƙwasa ƙofa yana ɗan 42. Idan ya je sayen inshora da kansa a lokacin, sai a nuna masa sharaɗin ciwon da aka shigo da shi.

Wa ke ɗaukar wannan kaya? Matarsa ce. Ita za ta bar aikinta ta zama mai jinya dare da rana, ita za ta jure fushin da ba shi da dalili, ita za ta yi wa yara bayanin abin da ya sa babansu ya manta hanyar makarantarsu. Haka abin yake a gidan wanda ya karye a wuya, kamar Matt Hampson da turereniya ta rufta da shi a wajen atisayen 'yan ƙasa da shekara 21 na Ingila a watan Maris na 2005, wanda tun daga lokacin jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, yake numfashi da taimakon na'ura. Rauni irin wannan na mutum ɗaya ne a takardar likita, amma gida guda yake kwantarwa, kuma masu jinyar su ma jikinsu da hankalinsu na bukatar likita. Wannan ne ya sa muke ganin sanya iyali cikin inshora ba alfarma ba ce, wani ɓangare ne na kuɗin da wasan ke ci.

Akwai masu cewa kulob-kulob ɗin da suka kasa biyan albashi ta yaya za a ƙara musu wani nauyi, kuma ɗan wasan da ke karɓar maƙudan kuɗi me zai hana shi saya wa iyalinsa inshora da kansa kamar kowane magidanci. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, musamman ɓangarenta na farko. Sai dai rugujewar Worcester da Wasps hujja ce a kan cewa bai kamata a ajiye kuɗin lafiya a aljihun kulob ba tun farko, kamar yadda ba a ba wa wanda bashi ya yi wa katutu riƙon adashe. Game da maƙudan kuɗi kuwa, masu samunsu 'yan ƙalilan ne. Mafi yawan masu wannan sana'a suna ƙananan gasa ne, da kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, kuma su ma da jikinsu suke biya daidai da taurari.

Saboda haka abin da wannan jarida ke ganin ya dace shi ne a ware wani kaso sananne daga kuɗin talabijin da na tikitin manyan gasa, tun kafin a raba wa kulob-kulob, a zuba shi cikin asusun da ƙungiyoyin 'yan wasa ke da ƙarfin faɗa a ji a cikinsa, wanda zai bi mutum ba kwantiraginsa ba. Kariyar ta haɗa da mata da 'ya'ya, ta ci gaba shekaru masu yawa bayan ritaya a kan ciwon kai da na laka, ɗan wasan da ya zo daga wata ƙasa kuma a ba shi damar sanya iyayensa ko da da ƙarin zubi daga albashinsa. Duk kulob ɗin da bai nuna shaidar zubin shekara gaba ɗaya ba kada a ba shi lasisin shiga gasa, maimakon a jira sai ana saura kwanaki ya mutu sannan a tambaye shi takarda. Wannan ba mafarki ba ne, domin a Faransa ƙungiyar 'yan wasa ta Provale ta kai ga yarjejeniyar sana'a da masu kulob tun 2005, kuma wanda ya karɓi shugabancinta a 2014, Robins Tchale-Watchou, haifaffen Dschang ne a ƙasar Kamaru.

Wannan ya kawo mu gida. Hanyar da Tchale-Watchou da Serge Betsen, haifaffen Kumba, suka bi zuwa Faransa tana nan a buɗe, kuma wasan na ƙara bazuwa a Afirka. A watan Yulin 2025 Zimbabwe ta doke Namibiya a birnin Kampala ta samu gurbin kofin duniya na 2027 da za a yi a Ostareliya da ƙasashe 24, karo na farko da za ta je tun 1991. Muna kira ga hukumar zari-ruga ta Afirka, wadda aka zaɓi Herbert Mensah ɗan Gana ya shugabance ta a 2023, da ta sanya sharaɗin inshora a gaba wajen ba da izinin fitar matasa zuwa ƙetare, ta kuma yi koyi da asusun Burger da Jackson tun kafin a samu wanda za a sa wa asusu sunansa.

Ga iyaye kuma, musamman 'yan kasuwarmu da ba sa sayen buhu sai sun soka masa tsinke sun ga abin da ke ciki: idan wani dillali ya zo da takardar ɗaukar yaronku zuwa wasa a waje, ko zari-ruga ne ko ƙwallon ƙafa, kada adadin albashi ya rufe muku ido. Ku nemi wanda ya iya Faransanci ko Turanci, wanda ba dillalin ne ya kawo shi ba, ya karanta muku ita layi-layi da Hausa. A nuna muku inda aka rubuta sunan kamfanin inshorar, da wanda ke biyan zubin, da sunayen waɗanda ta ƙunsa, da ranar da za ta daina aiki idan yaron ya ji rauni ko kulob ya rushe, da kuma wanda zai biya kuɗin jirgin dawo da shi gida.